Kafin ka sayi tikitin Maldives, tsaya ka karanta wannan

Jama'a, kwanan nan duk inda na leƙa a Facebook sai hoton ango da amarya a bakin ruwan Maldives. Tun da na dawo daga can kuwa, ba a mako ba wani ya tambaye ni yadda ake zuwa ba. To bari in amsa gaba ɗaya.

Ra'ayina a taƙaice: wuri ne da ya cancanci a je, amma bai cancanci a ci bashi dominsa ba. Abin da ke cinye kuɗin mutane rashin sani ne, da kuma son a yi hoto irin na wane.

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a tekun Indiya, waɗanda mutane ke zaune a kai kuma ba su wuce 200 ba. Masauki iri biyu ne. Akwai tsibiran da otal ɗaya ya mamaye, su ne masu ɗakuna a kan ruwa, kwana ɗaya sai ya lashe albashin wata da wata. Akwai kuma tsibiran 'yan ƙasa, inda tun 2009 aka ba su damar buɗe ƙananan masaukai. Ni a Maafushi muka sauka da maiɗakina. Ruwan nan dai shi ne, yashin ma shi ne, ga masallaci kusa, ga abinci halal ba sai ka yi tambaya ba.

Batun takardu. Biza kyauta ce ta kwana 30, a filin jirgi ake bugawa, don haka duk ejan da ya ce ka kawo kuɗin biza, ka riƙe aljihunka. Amma sai ka nuna tikitin dawowa da shaidar ka kama masauki. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin isa, shi ma kyauta ne. Mai tasowa daga Najeriya kada ya manta katin rigakafin shawara. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida, don kada a tsayar da kai tun a hanya.

Inda na kusa yin kuskure shi ne sufuri. Filin jirgin Velana a tsibirinsa yake, gada ce ta haɗa shi da Male, babban birnin. Daga nan zuwa masaukinka sai jirgin ruwa, ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi da dare. Jirgin ruwan haya na gwamnati yana da arha sosai, sai dai yawanci ba ya aiki ranar Juma'a. Mu kuwa ranar Juma'ar muka sauka, dole muka biya kwalekwale mai gudu. Ka tambayi masaukinka lokacin jirgi da kuɗinsa kafin ka sayi tikiti.

Farashin da kake gani a intanet sau da yawa ba shi ne ƙarshe ba. Ana ɗora kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido, da harajin muhalli na kowane mutum a kowace rana. Ka ce a rubuto maka jimilla. Kuɗinsu rufiya ne, amma dala na tafiya kusan ko'ina. Ka riƙe tsaba masu kyau, kada ka dogara da katin bankin gida kaɗai.

Daga Disamba zuwa Afrilu ne rani, ruwa a kwance, farashi a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce da iska, kaya na sauka amma teku na iya hana ka fita. Mai jin jiri a mota ya tanadi magani. Wanda bai iya ruwa ba kuma, don Allah ya sa rigar kariya, teku ba kogin garinku ba ne.

Ƙasar Musulmi ce, ba a shiga da giya ko naman alade. In ka samu sarari a Male ka ziyarci Hukuru Miskiy, tsohon masallacin Juma'a da aka gina da duwatsun murjani a ƙarni na 17. Da safe kuma ka ɗanɗana mas huni, kifi ne da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata gurasa da suke kira roshi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: bizar yawo ba ta aiki ba ce. Duk wanda ya ce ka sayar da fili ka shiga da ita zai sama maka aiki, ka guje shi. In ka wuce wa'adi, kanka ka cuta, ka kuma ƙara wa masu koren fasfo da za su zo bayanka wahala a gaban jami'ai.

Mai hali ya je ya ga ikon Allah. Wanda bai samu ba, aurensa bai ragu da komai ba. Allah Ya hore mana na halal.