Cinikin Biri A Sama

Wannan mako na yi niyyar mu ci gaba da zancen yaye, sai wata maƙwabciyata ta shigo mini ran Talata da wata takarda mai ƙyalli a hannu, ta sa na sake shawara. A jikin takardar an zana gidan sama fari fat, ga teku a gabansa, ga itatuwan dabino. Wai a ƙasar waje za a gina shi. Maigidanta ya ce ta sayar da sarƙarta da awarwaronta na zinariya su haɗa su ba da kafin alƙalami, in an gama ginin su riƙa zuwa hutu, sauran watanni kuwa a zuba 'yan haya. Na tambaye ta, an aza harsashi? Ta ce tukuna. Sunan wa za a rubuta? Ta ce ba ta tambaya ba.

To, 'yar'uwa, na san ba ita kaɗai aka nuna wa irin wannan takarda ba. Saboda haka gyara zama ki ji yadda ta kasance da waɗanda suka riga mu, su kuwa ba jahilai ba ne, Turawa ne masu karatu, masu lauyoyi.

Mu fara da ƙasar Sifen, watau Andalus ta littattafai. Shekara da shekaru mutanen Ingila da Jamus, in sun gama aiki sun karɓi fansho, sukan sayar da gidajensu na ƙasar sanyi su koma can bakin teku su sha rana. 'Yan kwangila suka ga kasuwa ta buɗe, suka dinga gini ko'ina, har cikin gonaki da wuraren da doka ta hana. Shugabannin ƙananan garuruwa suna ba da izni, zama da kuɗin izni suke cika baitulmalinsu, waɗansu ma har da aljihunsu.

A cikin watan Janairu na 2008, kusa da wani gari wai shi Vera a lardin Almeria, katafila ta zo ƙofar waɗansu tsofaffin Ingilishi, miji da mata. Ba filin kowa suka ci ba. Sun saya da kuɗinsu, sun nemi iznin gini wurin hukumar garin, an ba su da hatimi. Ashe gwamnatin jihar Andalus, wadda ke sama da hukumar garin, ba ta yarda da wannan izni ba, ta kai ƙara, kotu ta soke shi. Aka ba su ɗan lokaci su kwashe kaya, aka baje gidan suna tsaye suna kallo. Garejin mota kaɗai aka bari, a ciki suka koma da zama shekara da shekaru. Daga baya babbar kotun ƙasar ta ce an zalunce su, domin an yi shari'ar ba a kira su ba. Amma hukunci ba ya ta da bango. Sai da suka yi kusan shekara goma suna jelen kotu kafin diyya ta shiga hannunsu, ita ma ba ta kai abin da suka nema ba.

Ki lura da wannan, don nan ne zancen yake. Takardarsu ta gaskiya ce, mai sa hannun ma na gaskiya ne, ikonsa ne bai kai ba. Kamar dai mai unguwa ya sayar miki da fili ya ba ki takarda, ran nan ma'aikatar filaye ta zo ta shafa jan fenti a bango. Mun san wannan a gida. Bambancin kawai, a gida kin san ƙofar da za ki buga, kina jin harshen alƙali, kina da ɗan'uwan da zai tsaya miki. A can fa?

A Marbella, garin masu kuɗi, abin ya fi haka muni. An ƙiyasta gidajen da aka gina ba bisa ƙa'ida ba sun kai wajen 30,000. A 2006 'yan sanda suka kama shugabar garin da manyan ma'aikatanta kan cin hanci, gwamnati ta rushe majalisar garin ɗungum. A 2010 aka yi sabon tsarin gari wanda ya halatta yawancin gidajen nan, mutane suka yi ajiyar zuciya, sai ga Kotun Ƙoli ta soke tsarin a 2015. Galibinsu ba a rushe su ba, gaskiya ne. Amma gidan da ake shakkar halaccinsa, banki ba ya son karɓarsa jingina, mai saye kuwa sai ya taya a wulaƙance.

Akwai kuma wani ƙaton masauki a bakin tekun Algarrobico, hawa 21, ɗaki 411. An fara shi a 2003, da izni a hannu. Dokar gaɓar teku ta 1988 ta ce a bar mita 100 tsakanin gini da ruwa, shi kuwa mita 14 ya bari, kuma cikin gandun da aka keɓe. Alƙali ya tsai da aikin a 2006 ana gab da gamawa. Ko baƙo ɗaya bai taɓa kwana ciki ba. Aka shekara goma sha tara ana shari'a, kangon yana tsaye, iskar gishiri tana cinsa, har a farkon 2025 gwamnati ta ba da sanarwar za ta karɓe filin domin a rushe. In masu miliyoyi sun maƙale haka, ina ga mai awarwaro shida?

Da kasuwar gidaje ta faɗi a 2008 kuwa, kamfanonin gini da yawa suka karye, suka bar unguwa guda guda ba rufi, waɗansu ma ba a ko share filin ba. A nan akwai abin da ya ceci waɗansu. Tun 1968 dokar Sifen ta ce duk mai karɓar kuɗin gidan da ba a gina ba, lalle ya ajiye su a asusu dabam, banki ko kamfanin inshora ya tsaya lamuni. Wadda ta nace sai an ba ta takardar lamunin nan, kuɗinta sun dawo. Wadda ta ji kunyar tambaya, sai da ta jira har 2015, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ɗora wa bankunan da suka karɓi kuɗin alhaki. Kunya ado ce ga mace, amma ban da wurin ciniki.

Ƙasar Turkiyya ma tana da nata. Kusa da garin Mudurnu wani kamfani ya fara gina gidaje 732 a 2014, duk iri ɗaya, kowanne da 'yar hasumiya, don attajiran ƙasashen Larabawa. An ta da 587, kamfanin ya karye a 2018. Masu ɗaukar hoto suka mai da wurin abin kallo.

Na san abin da za ki ce: mu ai ba Sifen muke zuwa ba, Dubai muke zuwa saro kaya, mun san gari. To, madalla. Dubai ta buɗe wa baƙi sayen gida a 2002, a waɗansu unguwanni da aka keɓe, ba ko'ina ba. Tsakanin 2008 da 2009 kuɗin gidaje ya faɗi da wajen rabi, ayyuka da yawa suka tsaya, har a 2013 sai da aka kafa kwamitin alƙalai na musamman don warware ayyukan da aka soke. Ba na hana su yabonsu, sun gyara doka. Tun 2007 wajibi ne kuɗin mai saye su shiga asusun amana na wannan gini kansa, ba aljihun mai kamfani ba. Saboda haka in dillali ya ce ki zuba kuɗi a asusunsa shi zai miƙa, ki naɗe tabarmarki. Ki tuna kuma, la'adarsa daga wurin mai sayarwa take fitowa, ran da kika sa hannu ya gama nasa.

Sa'an nan ga abin da takarda mai ƙyalli ba ta faɗi. Daga ƙarshen 2022 har zuwa Yuli 2024 hukumar ƙasar ta daina ba 'yan Nijeriya biza. Wadda ke da ɗaki can, ba ta kuwa da takardar zama, sai ta duba hotonsa a waya. Kuɗin hidimar bene kuma kowace shekara ake biya, ko da ɗan haya ko babu. Biyan sauran kuɗin gidan da kuɗin ƙasarsu ne. Wadda ta ƙulla ciniki a farkon 2023, sa'ad da dala ba ta kai naira 500 a banki ba, ta wayi gari a 2024 dala ta haura 1,500, bashinta ya ninka uku ba ta ƙara ko taga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zancen suna. Zinariyar mace ita ce rumbunta, ita take ɗauka ran ciwo, ran auren 'ya, ran da Allah ya yi wa maigida rasuwa. In kika narkar da ita cikin gidan da aka rubuta da sunansa shi kaɗai, ran rabon gado gidan nan na magada ne duka. Ke da abokiyar zamanki tumuni za ku raba, in akwai 'ya'ya. Ba na zargin maigida da mugun nufi, sau da yawa shi ma bai yi tunanin haka ba. Amma ki ce a rubuta rabonki a takardar mallaka, da sunanki yadda yake a fasfo. Ki san inda takardun suke ajiye. Gadon da ke ƙasar waje sai an bi kotun can, da tafinta da lauya, kowa da kuɗinsa.

Ban ce haramun ne a sayi gida a waje ba. Akwai waɗanda suka saya suka ji daɗi. Amma lauyan ya zama naku, wanda ku kuka nemo kuka biya, ba wanda kamfani ya ba ku kyauta ba. Shi zai je ofishin rajistar filaye ya duba ko filin na mai sayarwa ne, ko akwai bashin banki a kansa, ko hukumar sama ta amince da iznin. In da hali ma a sayi wanda aka gama, a shiga a buɗe famfo a ga ruwa.

Maƙwabciyata dai ta koma da tambayoyi huɗu a bayan takardarta mai ƙyalli. Maigidan ya aika wa dillali tun ran Laraba, ya amsa biyu, sauran ya ce zai tambayo. Sarƙar tana nan cikin akwati. Zancen yaye sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.