Malam, Ba a Gina Aji a Filin Aro

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce jami'o'in da ke koyarwa ta intanet su kwashe darussa su mayar X da Facebook, tunda can ɗalibai ke yini. Sam ban yarda ba. A yi sanarwa a can, ban ƙi ba, amma darasi ya zauna a shafin makaranta.

Ka manta da 2021 ne? Ranar 5 ga Yuni aka toshe Twitter, wato X ta yanzu, a Najeriya bisa umarnin gwamnati, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai cur! Malamin da ya zuba darasin zangonsa a can, ina ɗalibansa za su nufa?

Sannan ka dubi ɗalibar da ta tsakuri kuɗin cefane ta sayi data. Ta buɗe waya neman bayanin malami, bidiyon biki ya tare ta, ƙarƙashinsa zage-zagen siyasa. Kafin ta lalubo darasin, data ta ƙare. Kamfani ke zaɓar abin da za ta fara gani, shi kuwa talla ya sa a gaba.