Sauri, Gudu da Hanzari a Darasin Motsi

Darasin motsi shi ne ƙofar shiga fiziks a babbar sakandare, kuma a nan ne malamin da ya juya zuwa Hausa domin ɗalibai su gane yake fara tuntuɓe. Abubuwa uku ake aunawa: nisan da abu ya ci cikin wani lokaci, sannan wannan adadin tare da inda abin ya dosa, sannan yadda na biyun yake canzawa daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa. Hausa tana da sauri, gudu, hanzari da gaggawa, amma a bakin jama'a duk suna shiga gurbin juna.

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ga ma'auni na uku ita ce "ƙarin gudu", kuma ya kamata a yi watsi da ita. Direban da ya taka burki yana cikin wannan ma'auni, alhali ragi yake yi. Haka mai babur da ke zagaya shataletale a kan kilomita 30 a awa: allurar agogonsa ba ta motsa ba, amma inda ya fuskanta yana juyawa kowane lokaci. Ɗalibin da aka cusa wa "ƙari" zai rantse ba abin da ya canza, ya faɗi tambayar. "Hanzari" ma bai fi ba, domin ya fi nuna himmar mutum, har yakan zo da ma'anar uzuri. Bahaushe da kansa ya raba hanzari da gudu tuntuni.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar wa na farko "sauri", na biyu "gudu", na uku "sauyin gudu". Nahawu yana goyon bayan wannan rabo. Aikatau na giredi na 6 a tsarin Parsons na 1960 yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, shi ya sa yaro ke bambanta "ya gudu" da "ya gudo" tun bai shiga aji ba. Ke nan gudu ya saba ɗaukar alkibla, sauri kuwa bai saba ba. Da wannan, sai a ce dutsen da aka saki a rijiya yana da sauyin gudu na kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa: 9.8 bayan ta farko, 19.6 bayan ta biyu.

Za a iya cewa "gudun hawainiya" ya saɓa wa kunne. Gaskiya ne, amma kowace keɓaɓɓiyar kalma takan rabu da ma'anar kasuwa. A fiziks, ɗan dakon da ke tsaye da buhu a ka bai yi "aiki" ba, komai guminsa.

Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi saboda masu fannin ne suka zauna a kai. Kalmomin motsi suna buƙatar irin wannan zama, sai dai malaman fiziks su kasance a ciki, kuma a gwada kowace kalma da tambayar shataletale a gaban ɗalibai kafin a shigar da ita ƙamus.