Dashen Gashi A Ƙasar Waje: Abin Da Ba A Faɗa Wa Mai Sanƙo Kafin Ya Hau Jirgi

A da can, sanƙo abu ne da magidanci kan rufe da hula ya ci gaba da harkokinsa, wasu ma har suna yi masa kirari da alamar arziki. Yanzu kuwa wayar hannu ta kawo tallan asibitocin Santambul har cikin ɗakunanmu. Matashin da ke Sabon Birni ko Gwarzo ko Kabo yana ganin hotunan da na Legas da na Landan ke gani: ga kai fayau a hagu, ga suma baƙa wuluk a dama. Daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatanmu akwai waɗanda suka tara kuɗi suka je, akwai kuma waɗanda suka dawo suna cizon yatsa. Ra'ayina a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti shi ne, yawancin wannan nadama tun kafin tafiya ake shuka ta, domin ana sayar wa mutane tiyata tamkar hajar kasuwa, ba tare da an binciki ciwonsu ba, kuma ba tare da wanda zai bibiye su bayan sun dawo gida ba.

Ya kamata mu fara da fahimtar aikin kansa. Dashen gashi ba ya ƙirƙirar ko silin gashi ɗaya. Abin da ake yi shi ne a ciro saiwoyin gashi daga ƙeya da gefen kai, inda sanƙon gado bai cika taɓawa ba, a dasa su a goshi ko tsakiyar kai. Wani likitan fata na birnin New York, Norman Orentreich, shi ya bayyana a shekarar 1959 cewa saiwar da aka ciro daga ƙeya tana riƙe halinta ko da an kai ta wani wuri, kuma a kan wannan tushe aka gina sana'ar baki ɗaya. Hanyoyin aikin biyu ne. Ko dai a yanko siririyar fata daga ƙeya a rarraba saiwoyinta, ko kuma a riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe mai huda, wadda ake kira FUE, kuma ita ce aka fi tallatawa a Turkiyya. Kowace saiwa tana ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu.

Daga nan lissafin farko ke fitowa. Ƙeya kamar rumbu ce, abin da aka ɗebe daga cikinta ba ya dawowa. Likitocin fannin kan ƙiyasta cewa abin da za a iya cirowa daga kan mutum a tsawon rayuwarsa ba ya cika wuce saiwa 6,000 zuwa 8,000, wasu ma ba su kai haka ba. Idan sanƙon mutum ya kai faɗin santimita murabba'i 100, aka dasa masa saiwa 3,000, kowace santimita ta samu 30 ke nan, wato kimanin rabin cikar da Allah Ya halicce shi da ita ko ƙasa da haka. Wanda ya tafi da hoton sumarsa ta shekara ashirin a zuciya zai dawo da ɓacin rai, ko da likitan ya yi aikinsa daidai. Asibitin da ya yi alkawarin kwashe saiwa 5,000 ko fiye a zama ɗaya kuwa, sau da yawa ƙeyar yake cinyewa, mutum ya wayi gari da gaba mara cika da baya mai dabbare-dabbare. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Abu na biyu ya shafe mu mu baƙar fata musamman. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje kaɗai take ba, saiwar ma a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata. Ƙarfen da aka saba huda kan Bature ko Baturke da shi a miƙe yake shiga, don haka idan hannun bai saba da irin gashinmu ba, sai ya riƙa datse saiwar a tsakiya. Saiwar da aka datse ta tafi a banza, ba ta zauna a ƙeya ba, da wuya kuma ta tsiro a goshi. Bugu da ƙari, fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda kan taso bayan hujin kunne ko tsagar wanzami. Akwai kuma ƙurajen ƙeya, waɗanda ke addabar mazanmu da yawa bayan aski, su taurare su haɗe su zama tudu. Wurin da waɗannan ƙuraje suka fi so shi ne daidai wurin da ake ciro saiwoyin dashe. Mai irin wannan fata yana buƙatar likita ya duba shi ido da ido, wataƙila ma a yi gwaji da 'yan saiwoyi kaɗan tukuna. Hoto uku da aka tura ta WhatsApp ba za su nuna wannan ba.

Na uku, ba kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba. Makero na cinye gashi, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da cutar maƙoshi mai kawo maƙoƙo suna zubar da shi, haka ma jego da doguwar jinya. Akwai ciwon da garkuwar jiki ke afka wa saiwar gashi, ta bar fili zagayayye kamar kwabo. A wajen mata kuwa, matsattsen kitso da ƙarin gashi mai nauyi suna jan gashin goshi har saiwar ta mutu, sannan akwai wani ciwo da ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa yana barin tabo, wanda ya fi kama mata baƙar fata. Wasu daga cikin waɗannan magani ke warkar da su, babu buƙatar wuƙa. Wasu kuma idan aka yi dashe alhali ciwon na ci, sabon gashin ma cinye shi za su yi. Wanda sana'arsa sayar da dashe ce, da wuya ya ce maka ka koma gida ka sha maganin ƙarin jini.

Na huɗu shi ne ɓangaren da ya fi kusa da aikina. Sanƙon gado yana faruwa ne saboda wani sinadarin maza da ake kira DHT, wanda ke ƙanƙantar da saiwar gashi a hankali har ta daina fitar da sili. Tiyata ba ta tsayar da wannan. Gashin da aka dasa zai iya zama, amma na asali da ke bayansa zai ci gaba da zubewa, bayan 'yan shekaru mutum ya ga tsibirin gashi a goshi da fili a bayansa. Ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya sanar da duniya dashensa a 2011, yana ɗan shekara 25, kuma sai da ya koma aka ƙara masa a 2013. Idan mai irin wannan dukiya bai tsira da zama ɗaya ba, bai kamata a ruɗi ɗan kasuwar Kwari da cewa kwana uku a otal sun raba shi da sanƙo har abada ba.

Magunguna biyu ne suka fi samun shaidar bincike wajen rage wannan zuba. Akwai minoxidil na shafawa, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don gashi a 1988. Akwai kuma ƙwayar finasteride mai miligiram 1, wadda aka amince da ita a 1997. Dukansu sai an yi watanni kafin a ga amfaninsu, kuma da zarar an daina, abin da aka samu zai zube cikin watanni. Finasteride na iya rage sha'awa ko ƙarfin namiji ga kaso kaɗan na masu shan sa, yana iya taɓa yanayin zuciya har ya kai ga baƙin ciki mai tsanani, yana kuma rage sakamakon gwajin PSA na mafitsarar maza da kusan rabi, don haka dole likita ya san kana sha. Mace mai ciki ba ta shan sa, ba ta ma taɓa ƙwayar da ta fashe, saboda yana iya cutar da ɗan tayi namiji. Wannan magana ce da ya kamata miji da mata su zauna su yi kafin a sayi tikiti. Abin takaici, mutane kan dawo da leda cike da kwalaye masu rubutun Turkanci, ba su san wanne ne na kashe ƙwayoyin cuta ba, wanne ne na kumburi. Na kumburin nan kan tayar da sukari ga mai ciwon suga. Ƙwayoyin biotin da ake haɗowa da su kuwa suna iya gurɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na zuciya da na maƙoshi.

Za a iya ce mini, ai Turkiyya na da ƙwararrun likitoci, aikinsu ya fi na Turai araha, kuma masu wannan aiki a Najeriya ba su da yawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka je suka dawo suna hamdala. Ban kuma ɗauki neman gyaran sanƙo a matsayin abin kunya ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta sanya dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin gyaran da ya halatta. Damuwata ita ce yadda mai zaune a Gwarzo zai bambance ƙwararre da ɗan kasuwa. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan wuraren da ake tallata sunan likita, amma ma'aikatan da ba su da lasisin tiyata su ne ke huda kan mutane, a jera marasa lafiya da yawa a yini guda. Araha ba ta ado. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 ma, arahar ta zama ta baka, domin kuɗin aiki da jirgi da masauki miliyoyin naira ne, kuɗin da zai iya zama jarin shago ko na karatun 'ya'ya. Idan kuma aiki ya ɓaci, hukumar kula da likitoci ta Najeriya ba ta da iko a kan asibitin wata ƙasa, wanda ya yi maka dillanci kuma ba lalle ne ya sake ɗaga wayarka ba.

Ga wanda ya riga ya je kuma yake cikin damuwa, shawarata ta farko ita ce ya duba kalanda. Gashin da aka dasa yakan zube cikin mako biyu zuwa takwas, kuma haka aikin yake, saiwar na nan a ciki. Sabon tsiro yakan fara ne daga wata na uku ko na huɗu, cikakken sakamako kuma sai bayan wata 12, wani lokaci har 18, musamman a tsakiyar kai. Wanda ya yanke hukunci a wata na biyar ya yi gaggawa. Amma zazzaɓi, ko ruwan mugunya, ko kumburi mai yaɗuwa, ko fatar da ta yi baƙi tana wari, waɗannan ba sa jiran kalanda. A nufi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa a ranar, tare da duk magungunan da aka zo da su. Kada a shafa man bilicin ko haɗin kemis ko tafarnuwa a kan da bai warke ba. Idan shekara ta cika sakamako bai yi daɗi ba, a fara ganin likitan fata, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya auna abin da ya rage a ƙeya kafin a amsa tayin “gyara kyauta” daga wurin da ya ɓata na farko.

Ga wanda ke shirin tafiya kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara ganin likitan fata a gida a tabbatar da irin zubar gashinsa. Idan sanƙon gado ne, ya gwada magani na shekara guda a ƙarƙashin kulawar likita, da magani mai lambar NAFDAC, musamman idan bai kai shekara 25 ba, domin a wannan shekaru ba a san inda sanƙon zai tsaya ba. Ya nemi sunan likitan da zai yi aikin da hannunsa, da adadin mutanen da yake yi wa a rana, da hotunan baƙar fata da ya yi wa aiki bayan shekara guda, gaba da ƙeya. Ya bayyana ciwon suga ko hawan jini ko maganin tsinka jini idan yana sha. Ya kuma karɓo rubutaccen rahoton aikin da sunayen magunguna cikin harshen da likitansa na gida zai karanta.

Iyalai ma suna da nasu rabon. Sau da yawa zolayar abokai a majalisa da habaicin gida su ke tura matashi ga dillali, kuma su ne ke sa ya ɓoye kansa a hula idan aiki ya ɓaci, har ciwo ya yi nisa bai je asibiti ba. Wanda ya kashe dukiyarsa ya dawo da tabo yana ɗauke da nauyi biyu a zuciya, kuma idan aka ga ya daina shiga mutane ko barci ya ƙaurace masa, wannan ma ciwo ne da ke buƙatar likita. Sanƙo ba ya kisa, ba ya hana aure, ba ya rage mutunci, saboda haka babu dalilin yin gaggawa a kansa. Mai niyyar dashe ya ba kansa shekara guda ta bincike, domin ƙeyar da zai kai a huda guda ɗaya ce gare shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da wadatar zuci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.