Surukin Bai Danna Komai Ba

Ɗauko zancen manhajojin ba da rance a majalisar matasa a Ƙofar Kwaya, ka ji hukunci: "Shi ya jawo wa kansa, wa ya ce ya danna?" Hukuncin ragwanci ke nan, kuma kamfanonin kaɗai yake wa daɗi.

Magidanci ya matsu, an koro yara kan kuɗin makaranta. Manhaja ta ce babu rance sai ya buɗe mata lambobin wayarsa da hotunansa. Ba ta nemi takardar fili ba, ba ta nemi mai tsaya masa ba, domin mutuncinsa ne jinginar. Biya ya yi jinkirin kwana biyu, sai ga saƙo a wayar surukinsa da ta limamin unguwa, wai wane ɗan damfara ne. To shi surukin, me ya danna? Wa ya nemi izininsa kafin a kwashe lambarsa?

Ba gangancin wani ma'aikaci ba ne, a kan tonon asirin aka gina cinikin. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan, amma sai a 2023 Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan 'yan Nijeriya. Shekara biyu! Ashe ba su da injiniyoyi ne?

Manya ma haka suke, sai dai cikin babbar riga. Kusan duk kuɗin Meta, mai Facebook da WhatsApp, daga talla yake zuwa, talla kuwa tana tsada ne gwargwadon sanin da aka yi maka. A Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tararsa dala miliyan 220, har da zargin bai wa 'yan Nijeriya kariyar da ba ta kai ta Turawa ba. A shekarar ya samu fiye da dala biliyan 160, wato tarar ba ta kai cinikin yini guda ba. Wa zai canja hali kan wannan?

Muna da dokar kare bayanai tun Yunin 2023. A daina yi wa wanda aka tozarta dariya, a taya shi kai ƙara hukumar kare bayanai ta NDPC da FCCPC. Lambarka ma tana cikin wayarsa.