Kundin Farko na Ɗan Gambara Ya Fi Ƙarfin Sauraro Ɗaya

A garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi, tun daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza da Galmi, har a karkata arewa wajen Badagishiri da Illela, sabuwar waƙa ba ta kwana ba a yanke mata hukunci ba. Matashin ɗan gambara zai shafe shekara ko fiye yana tara kuɗin situdiyo, ya haɗa waƙoƙi goma ko goma sha biyu ya fitar da kundinsa na farko, amma kafin shayin fada ya kai zubi na uku an tura kundin ta Xender da WhatsApp, an ɗanɗani farkon kowace waƙa an tsallake, an kuma gama magana. Wani ya ce kiɗan ba shi da nauyi, wani ya ce yaron yana kwaikwayon wane na Kaduna, shi ke nan an rufe littafinsa. Ina ganin wannan hukunci na daren farko zalunci ne da ba a yi da niyya ba, domin abin da yake aunawa shi ne aljihun mawaƙin, alhali abin da ya kamata a auna a kundin farko shi ne bakinsa, wato abin da ya zo faɗa da yadda ya iya faɗarsa.

Abin da kunne ke fara kamawa a cikin waƙa shi ne sauti: tsabtar murya, nauyin ganga, yadda aka daidaita kiɗa da magana. Waɗannan kuwa duk da kuɗi ake sayensu. Wanda ya shiga babban situdiyo a Yamai, Kano ko Legas, ya biya ƙwararren mai haɗa sauti, zai fito da abu mai sheƙi ko da maganar da ke ciki ba ta kai ta kawo ba. Yaron Malbaza kuma ɗaki ɗaya ne da kwamfuta da makirufo guda, an rataya barguna a bango don su tare hayaniyar waje, ana aiki ana fargabar ɗaukewar wuta, musamman a watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke lantarkin da take turo wa Nijar, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Mai sauraro a nasa ɓangaren kunnensa ya riga ya saba da sautin DJ AB da ClassiQ da waƙoƙin da tashar Arewa24 ke nunawa, ga kuma na Legas da ke kwarara ba dare ba rana. Idan ya jera su da na ɗan unguwarsu a ƙaramar lasifikar waya, jari yake kwatantawa da jari ba tare da ya sani ba. Abin da yake mallakin ɗan gambara na kansa, zaɓen kalma, amsa-amo, inda yake ajiye numfashi, habaicin da ya naɗe a cikin baiti, yadda waƙa ta uku ke amsa ta farko, duk ba sa bayyana a sauraron farko. Gambara magana ce mai gudu, sau da yawa ma Hausa ce gauraye da Faransanci ko Zabarmanci, kuma ba wanda ke kama rabinta a karo ɗaya yana hira yana kurɓar shayi.

Tarihin wannan kiɗa a inda ya fara ya isa shaida. A watan Afrilun 1994 Nas, yana da shekara 20, ya fitar da kundinsa na farko, Illmatic: waƙoƙi goma da ba su cika minti 40 ba, kusan dukansu a kan rayuwar rukunin gidajen talakawa na Queensbridge a birnin New York. Masu sharhi na mujallar The Source, waɗanda sana'arsu ce zama su bi kalma bayan kalma, sun ba shi makin ƙoli nan take, amma kasuwa ta yi sanyi: a matsayi na 12 ya tsaya a jerin Billboard, kuma sai a 2001 aka tabbatar da cinikinsa ya kai kwafi miliyan ɗaya. A 2021 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin faya-fayan da ake adanawa a matsayin dukiyar ƙasa. Kundin farko na Jay-Z, Reasonable Doubt na 1996, wanda ya fitar ta kamfanin da shi da abokansa suka kafa bayan manyan kamfanoni sun juya masa baya, a matsayi na 23 ya tsaya, kuma ita kanta The Source sai daga baya ta koma ta ƙara masa maki zuwa ƙoli. A ɗaya gefen ga Vanilla Ice, wanda To the Extreme nasa na 1990 ya yi mako 16 a saman jeri, yau kuma ba mai koyon gambara da ke komawa gare shi don neman darasi. Wanda ya yi hukunci da hayaniyar makon farko ya kuskure a duka ukun. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka dace tun farko a kan Nas ba wani kunne na daban Allah ya ba su ba, zama kawai suka yi suka saurari magana.

A ƙasar Hausa ma mun ga yadda magana ke rinjayar sheƙi. Lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa wa mawaƙa da 'yan fim, waƙar Nazir Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, mai suna Girgiza Kai, ta bi gari daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ba rediyo ba kanti, har ta shiga jerin waƙoƙi 11 da kotun tafi-da-gidanka ta haramta a 2009. Ba ingancin sauti ya sa mutane ke roƙon a tura musu waƙar ba, kuma ba shi ya tayar wa hukuma hankali ba. Abin da ta faɗa ne, a lokacin da faɗarsa ke da tsada. Haka gambarar Nijar ta kafu a Yamai tun daga shekarun 1990, da ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass Wong da Kaidan Gaskia, sannan mata irin su Zara Musa, wato ZM. Kayan aikinsu ba su kama ƙafar na Dakar ko Abijan ba, amma sun yi magana a kan zaman banza, cin hanci, cutar sida da auren dole da harshen da matasa suka ji nasu ne, shi ya sa har yau ake ambatonsu.

To me ya kamata mai sauraro ya nema a kundin farko na yaron wannan yanki? Ya nemi abin da ba wanda zai iya faɗa sai wanda ya tashi a nan. Ƙasar ba ta rasa abin faɗa ba. Ƙonni gari ne da numfashinsa ke ɗaure da iyaka: Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, manyan motoci suka yi layi, ɗan kabu-kabu da mai canjin naira da sefa da mai sayar da fetur a kwalba kowa ya ji a jikinsa. Ga manomin albasar Galmi da ke kallon farashi na faɗuwa daidai lokacin da ya cire amfaninsa, ga matashin da ke ganin hayaƙin masana'antar siminti ta Malbaza kullum bai sami aiki a ciki ba, ga ƙauyukan Adar da ke wayar gari ba samari saboda cirani zuwa Abijan, Libiya da Aljeriya, ga fargabar 'yan bindiga a bakin iyaka. Akwai ma tsohon ciwon 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Idan kundi ya ɗauko wani abu daga cikin waɗannan da idon wanda ya gani, kuma da Hausar da ake yi a gidansu, ba wadda ya aro daga fim ɗin Kano don kada a yi masa dariya ba, to akwai mawaƙi a wurin ko da kiɗan na rawa. Idan kuwa daga farko har ƙarshe motocin da bai taɓa hawa ba ne da maƙiyan da bai da su, to ko a Legas aka haɗa sautin babu kowa a ciki. Wannan bambanci ba ya fitowa sai an bi kundin daga kai har wutsiya, sau biyu ko uku.

Za a ce kunne ba ya ƙarya, kuma makaɗanmu na gargajiya a fili ake yanke musu hukunci: makaɗin kokawa ko na dambe in bai motsa jama'a nan take ba, ba mai ba shi ko dala. Akwai gaskiya a nan, kuma ban ce sauraron farko ba ya nuna komai ba. Wanda ba ya hawa kiɗa daidai, ko wanda ya kwashe salon wani ɗungurungum, ana gane shi a minti ɗaya. Sai dai kwatancen bai cika ba. Makaɗin fili yana da 'yan amshi da ke maimaita masa gindin waƙa har ya zauna a kunne, yana gaban mutanen da suka san wanda ake wa kirari, kuma gobe zai sake rera waƙar a wani taron ya gyara inda ta yi rauni. Mamman Shata ya yi shekaru yana waƙa a kasuwanni da wuraren biki kafin muryarsa ta shiga faifai, saboda haka abin da muka gada daga gare shi ya riga ya sha guga. Ɗan gambara kuwa sau ɗaya ake ɗaukarsa, abin da ya shiga ya shiga, kuma maimaicin da fili ke bai wa makaɗi kyauta, shi sai mai sauraro ya ga dama ya ba shi. Ko a gargajiyar ma ba kowace waƙa ake gamawa da ita a zama ɗaya ba: Bakandamiyar Narambaɗa har yanzu malaman jami'a na warware zaren da ke cikinta.

Za a kuma ce zamanin kundi ya wuce, yanzu waƙa ɗaya ake saki a Audiomack, a yanki daƙiƙa talatin a ɗora a TikTok, wanda bai kama mutane a nan ba ya tafi. Haka kasuwa take, ba musu. Amma daidai wannan ne ya sa matashin da ya dage ya haɗa kundi ya cancanci a saurare shi daban. Waƙa ɗaya sa'a na iya ba kowa. Waƙoƙi goma a jere su ke nuna ko mutum yana da abin faɗa fiye da ɗaya, ko ya iya sauya murya daga fushi zuwa tausayi, ko zai kai shekara biyar a wannan sana'a. Auna kundi da ma'aunin TikTok kamar sayen buhun albasa ne a duba ta saman kawai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa irin wannan haƙuri na haifar da sassauci, a riƙa yabon kowane tarkace don kawai ɗan gida ne. Ina tsoron wannan ni ma, domin yabon ƙarya ya kashe mawaƙa fiye da zagi. Sai dai sauraro na biyu da na uku sun fi na farko tsanani. A nan ne ake gane baitin da aka cusa don cike gurbi, da amsa-amon da aka tilasta, da waƙoƙi huɗun da a gaskiya waƙa ɗaya ce aka sauya wa kiɗa. Mai cewa "bai yi ba" bai koya wa yaro komai ba, amma wanda ya ce masa waƙarka ta shida ita ce kai, sauran inuwar wani ce, ya ba shi abin da zai gina kundi na biyu a kai. Iyaye da malamai masu ƙyamar gambara su ma hukuncin ganin farko suke yi, daga wando da aski. Suna da haƙƙin ƙin batsa da zagin mutunci, kuma akwai su a wasu waƙoƙin, amma sai an saurara ake rarrabe mai batsa da yaron da ke kukan ɗan'uwansa da ya tafi Libiya bai dawo ba, kuma haɗa su a kwando ɗaya na tura na biyun wajen na farkon.

Nauyin ya fi hawa kan waɗanda ke tsakanin mawaƙi da jama'a: masu gabatar da shirye-shiryen matasa a gidajen rediyon Ƙonni da Tawa, da masu tura waƙa a katin waya a bakin tasha da kasuwa, waɗanda zaɓinsu ke yanke abin da ƙauye guda zai ji na tsawon wata. Mai shiri zai iya ware sa'a guda ya saka sabon kundi gaba ɗayansa, ya bar mako ya zagayo, sannan ya gayyaci mawaƙin a buɗe layi a tambaye shi baiti baiti. Mai turi zai iya zuba kundin cikakke a jerensa, maimakon waƙa ɗayar da ta fi ƙarar ganga. Jihar Tawa, inda waɗannan garuruwa suke, ita ce ta ba ƙasa sunan da aka raɗa wa babbar gasar kiɗan zamani ta Nijar, wato na makaɗi Ɗan Gurmu, don haka ba baƙon abu ba ne a nan a zauna a saurari mawaƙi da gaske kafin a ba shi maki, kuma ba a bukatar kasafin ma'aikatar al'adu kafin gidan rediyo ɗaya ya fara yin haka da kundi na gaba da zai fito daga Illela ko Malbaza.