Digirin Dakta Daban, Iya Koyarwa Daban

1/ Zan taɓo maganar da abokan aikina lakcarori ba sa son a taɓa. Wanda zai ji haushi ya ji. Da yawanmu ba mu iya koyarwa ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana. Ni ma ina ciki. Ku biyo ni a hankali.

2/ Ranar da na kama aiki, shugaban sashe ya miƙo min sunan kwas da jadawali, ya ce ajina Litinin ƙarfe takwas. Shi ke nan fa. Na shiga zauren da ɗalibai suka cika har bakin taga, na yi musu irin abin da aka yi min: ina karantowa suna rubutawa, awa biyu cur.

3/ Da sakamako ya fito, tulinsu sun faɗi. Na ce ai yaran yanzu ba sa karatu, TikTok ya cinye su. Sai da na zauna da takardun amsa na ga kuskure iri ɗaya suke yi, a wuri ɗaya. Wallahi jikina ya yi sanyi. In mutum ɗari suka ɓata a kwana ɗaya, mai kwatancen hanya za a tuhuma.

4/ Ku duba wannan. Malamin firamare a Najeriya sai da NCE: shekara uku, da TP inda wani zai zauna a bayan aji yana duba yadda yake koyarwa, sannan rajista da TRCN. Mai digirin da ba na fannin ilimi ba, in yana son zama cikakken malami, PGDE ake ce masa ya yi.

5/ Amma wanda zai koyar da likitan gobe da injiniyan gobe? A aikace, sakamako mai kyau ya ishe shi. Jiya ɗalibi, yau an ba shi maka da allo. Kamar a ce wanda ya daɗe yana shiga mota a ba shi sitiyari ya ɗauki fasinja zuwa Legas.

6/ Tushen matsalar yana wajen ƙarin girma. Daga ƙaramin lakcara har farfesa, abin da ake ƙirgawa da gaske shi ne maƙalun da ka wallafa, da digiri, da shekarun aiki. Za ka iya kai wa ƙololuwa ba tare da wani ya taɓa leƙa ajinka ba. To wa zai ɓata darensa yana gyara darasi?

7/ TETFund na ɗaukar nauyin lakcarori su yi mastas da dakta, da zuwa tarukan ilimi. Abu ne mai kyau, ba na musu. Amma dakta horo ne a kan bincike. Ba ya koya maka yadda za ka gane cewa yarinyar da ke layi na ashirin ta ɓace tun minti goma na farko.

8/ A ƙarshen 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, ta maye gurbin BMAS. To madalla. Amma sabuwar manhaja a hannun wanda bai sauya takardar lakcarsa ba tun kafin a haifi ɗalibansa, me ya canza? Sunan kwas kawai.

9/ Kar a ce ra'ayina ne. A 2014 Scott Freeman da abokansa sun tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya, lissafi da injiniya. Inda malami ke zuba shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai tunani da aiki a cikin aji, kusan kashi 22.

10/ Eric Mazur, farfesan fiziks a Harvard, ya gano ɗalibansa na cin jarabawa amma ba su fahimci tushen abin ba. Bai zage su ba, salonsa ya canza: ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, ka juya ka shawo kan na kusa da kai, a sake zaɓa. Farfesan Harvard ya yarda ya gyara. Kai wa ye?

11/ Na san amsar da ke zuwa: aji ya cika, babu wuta, babu majigi, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Gaskiya ne, ni ma a ciki nake. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma ba a banza aka yi shi ba. Gwamnati na da babban laifi.

12/ Amma abin da Mazur ya yi ba ya buƙatar wuta. Na gwada da ɗaga hannu kawai. Na kuma fara ba su minti biyu a ƙarshen lakca, kowa ya rubuta abin da bai gane ba, ba tare da suna ba. Ko kwabo ban kashe ba. Rashin kuɗi uzuri ne a kan ɗakin gwaji, ba a kan wulaƙanta mai tambaya ba.

13/ Kuma wannan alfaharin na "A ta Allah ce, B tawa ce" ya isa haka. Malamin da ke murna rabin ajinsa sun faɗi daidai yake da likitan da ke murna marasa lafiyarsa ba sa tashi. Kowace kariyoba kuɗin iyaye ce, wani lokacin shekara guda ta rayuwar mutum.

14/ Da na ce horo, ba ina nufin bitar kwana biyu a otal ba, a raba jaka da kuɗin zama, a ɗauki hoto a watse. A Ingila jami'o'i da yawa na sa sabon lakcara ya yi kwas na koyarwa kafin a tabbatar da shi a aiki. Ba raini ba ne, sana'a ce ake koya.

15/ Abu uku nake nema. Ɗaya: horon koyarwa na dole ga sabon lakcara a shekararsa ta farko. Biyu: abokin aiki ya zauna a ajinka sau ɗaya a semesta, kai ma ka zauna a nasa. Uku: ɗalibai su auna darasi ba da suna ba, kuma a duba shi lokacin ƙarin girma.

16/ Eh, wasu ɗaliban za su yi ramuwar gayya a kan malami mai tsauri. Shi ya sa ba za a dogara da nasu kaɗai ba, a haɗa da na abokan aiki. Amma a ce kwata-kwata ba za a saurari mutanen da aka gina ajin dominsu ba, wannan girman kai ne.

17/ Ɗalibai, ku ma ba ku tsira ba: in aka ce ku tattauna, kar a ga kai a waya. Yanzu ku faɗa min, ba tare da kama suna ba, wane abu guda wani lakcara ya taɓa yi da ya sa kuka gane darasi? Zan tattara in kai taron sashenmu. In an kore ni daga gurup ɗin WhatsApp, kun san dalili.